Guro, Janar mai hannu ɗaya

Duk wanda ya ga hoton Janar Henri Gouraud, wanda Faransawa ke kira Guro, abin da idonsa zai fara kamawa shi ne hannun rigarsa na dama yana reto, babu komai a ciki. A Dardanel ya rasa hannun, ran 30 ga Yuni 1915, lokacin da harsashin igwar Turkawa ya fashe dab da shi, ya kuma karya masa ƙafafu biyu. Kafin shekarar ta fita ya koma fagen daga.

Dakare ne tun fitowarsa daga makarantar hafsoshi ta Saint-Cyr a 1890, amma a Afirka ya koyi sana'ar. Ran 29 ga Satumba 1898, yana kyaftin, ya bi sawun Almami Samori Ture cikin kurmi da ɗan ayarin da bai taka kara ya karya ba. Da safe suka kutsa sansanin Almami a Gelemu, mai ɗauke da dubban mutane da yunwa ta riga ta galabaitar, suka kama shi ba a harba ko bindiga ɗaya ba. Faransawa sun kira wannan jarumta. Samori kuwa a Gabon ya rasu a 1900, a tsare. Daga nan Guro ya yi aiki a ƙasar Damagaram da Cadi, har ya rubuta littafi mai suna Zinder-Tchad.

Dabarar da ta fi fito da sunansa ta ja da baya ce. Daren 14 ga Yuli 1918, a yankin Champagne, sojojinsa suka kamo wasu Jamusawa, daga bakinsu aka ji lokacin da rundunarsu za ta soma luguden wuta. Dama ya kwashe yawancin dakarunsa daga ramukan gaba, ya bar 'yan tsiraru. Jamusawa suka ɓarnatar da harsasai kan ramukan da kusan babu kowa, suka taso a guje, sai ga su a bakin igwoginsa. Tunanin na shugabansa Janar Pétain ne, Guro ne dai ya iya aiwatar da shi.

Bayan yaƙin, a Sham ya koma irin aikin da ya yi a Afirka. Rundunarsa ta murƙushe dakarun Sarki Faisal a Maisalun ran 24 ga Yuli 1920, ran 1 ga Satumba kuma ya shelanta kafa Babbar Labanan. Ya mutu a 1946. Har yau akwai titi mai sunansa a Beirut.