Zubewar gashi a maganin sankarar mama: gaskiya da jita-jita

Akwai matan da ke ƙin komawa asibiti bayan an fara musu maganin sankarar mama, saboda abin da suke ji ana faɗa a kan gashin kai. Ya kamata a tace maganganun nan.

Gaskiya ne gashi yana zubewa. Maganin kemo yana bin ƙwayoyin halittar da ke saurin hayayyafa ne, kuma na tushen gashi suna cikinsu. Doxorubicin, jan ruwan nan da ake sawa ta jijiya, da paclitaxel da docetaxel duk suna jawo haka, yawanci mako 2 zuwa 4 bayan karɓar farko. Fatar kai kan yi zafi, gashi ya riƙa fita dunƙule-dunƙule a kan matashi, wani lokaci har gira da gashin ido. Ga macen da ta saba da kitso tun tana yarinya, wannan ba ƙaramin ciwo ba ne, kuma bai dace a ce mata "ai gashi ne kawai" ba.

Amma cewa zubewar na nufin ciwon ne ya gama cin jiki, ko sammu aka yi mata, ƙarya ce. Aikin magani ne. Haka kuma zubewar ba ta nuna ko maganin yana aiki. Wata gashinta bai zube sosai ba, kuma maganin ya yi mata amfani.

Jita-jitar da ta fi ɓarna ita ce wai gashin ba ya dawowa. A wurin yawancin mata yana sake tsirowa cikin wata 3 zuwa 6 bayan kammala magani, ko da yake yana iya canja laushi ko launi da farko. 'Yar gaskiyar da ke ciki ita ce wasu ƙalilan, musamman masu karɓar docetaxel, gashinsu ba ya cika kamar dā. Aski kuma ba ya ƙara masa kauri, sai dai yana rage baƙin cikin ganin zubewar.

Shi kuwa maganin hasken na'ura da ake yi wa ƙirji ba ya taɓa gashin kai.

Maigida da 'yan uwa, ku ne za ku ƙarfafa mata gwiwa. Idan zubewar ta dame ta, ta faɗa wa likitanta, amma kada ta tsallake ranar magani ko ɗaya.