Leica Ta Gwanjo: M3 Ko M2?

Sau da yawa malami ko akawu yakan yi wata da watanni yana tara kuɗi domin ya sayi kyamara irin ta fim, ranar ciniki kuwa a ajiye masa guda biyu kamar tagwaye, ya rasa wadda zai ɗauka. Yau za mu yi magana a kan Leica M3 da Leica M2, waɗanda kamfanin Ernst Leitz ya ƙera a garin Wetzlar ta ƙasar Jamus. An daɗe da daina yinsu, saboda haka duk wadda aka gani a kasuwa ta bi ta hannun wani.

Da farko kada lamba ta ruɗe mu. M3 ita ce ya, ta fito cikin 1954. M2 ƙanwa ce, ta biyo baya da 'yan shekaru, an kuwa yi ta ne don ta fi araha. Hanyar awon nisansu ɗaya ce: mutum ya leƙa 'yar tagar baya, ya ga abin da zai ɗauka ya rabu biyu a tsakiya, sai ya yi ta murza gilashin gaba har biyun su haɗu.

To, a cikin tagar nan bambancin yake. Ta M3 tana nuna abu kusan daidai da yadda ido ke ganinsa, watau 0.91, tana da layukan iyaka na gilashi mai milimita 50, da 90, da 135. Ta M2 tana rage girman abu zuwa 0.72, amma ta fi ɗibar fili, layukanta na 35 ne, da 50, da 90. Malamin da ke so ya ɗauki dukan 'yan ajinsa a cikin ɗaki, bango ya hana shi ja da baya, gilashin 35 yake bukata, M2 ce tasa. In ya sayi M3 sai ya sake ɓatar da kuɗi wajen neman wata taga ta ɗorawa a kai. Wanda kuwa fuskokin mutane ne sha'awarsa, M3 ta fi masa. Lalle ma'aunin yawan hotuna na M2 da hannu ake mayar da shi, amma wannan ba abin damuwa ba ne.

M3 ita kanta iri biyu ce. Ta farkon sai an ja mariƙin fim sau biyu kafin kowane hoto, wajen 1958 aka mai da shi ja ɗaya. Masu sayarwa sukan kururuta wannan ƙwarai, mu dai a ganinmu yatsa yakan saba cikin mako guda.

Abin da ya kamata a tsaya a kai shi ne lafiyarta. A leƙa tagar a cikin inuwa. In ta yi duhu, ko gefenta ya yi dabbare-dabbare, mai yiwuwa ne ƙaron da ya manne gilasan ciki ya fara saki, gyaransa kuwa da tsada, masu iyawa kaɗan ne. Sa'an nan a cire gilashin gaba, a buɗe baya, a ɗaga ta wajen haske a duba labulen da ke tare fim. Na ƙyalle ne, in an bar kyamara tana kallon rana ba murfi, gilashin yakan tara zafi ya huda shi. Ko hujin bai fi na allura ba, zai bar farin tabo a kan hotuna, a cire kuɗin sabon labule daga farashi tun kafin a sallama.