Mata Shida da Na'urar da Ba ta da Littafi

Ɗalibin da aka zaunar gaban kwamfuta, aka ɗora masa wata manhaja da bai taɓa gani ba, ya nemi littafin bayaninta ya rasa, yakan ɗauka cewa shi kaɗai wannan rashin sa'a ya faɗa wa. Ba haka ba ne. Da irin wannan hali aka fara sana'ar tsara wa kwamfuta aiki tun asali.

A shekarar 1945, rundunar sojan Amurka tana da mata da dama a Jami'ar Pensilbaniya da ke birnin Filadalfiya, waɗanda aikinsu shi ne lissafa hanyar da harsashin igwa zai bi a sama kafin ya faɗo. Lissafin harsashi guda yakan ci sa'o'i 30 zuwa 40 da ƙaramin injin lissafi na kan tebur. Daga cikinsu aka zaɓi shida: Kay McNulty, Betty Jennings, Betty Snyder, Marlyn Wescoff, Fran Bilas da Ruth Lichterman, aka ce su koya wa wata sabuwar na'ura mai suna ENIAC wannan lissafi.

Na'urar kuwa ta cika ɗaki guda. Nauyinta ya kai tan 30, tana ɗauke da bawul kusan 18,000, irin na cikin tsohuwar rediyo. Ba ta da harshen da ake rubuta mata umarni da shi. Idan ana son ta yi wani aiki, sai a jona wayoyi daga wannan sashe zuwa wancan, a murɗa dubban makunnai da hannu. Littafin jagora babu, malami babu. Da farko ma an hana matan shiga ɗakin, don na'urar sirrin soja ce. Abin da aka miƙa musu kawai shi ne zane-zanen da injiniyoyi suka yi amfani da su wajen ƙera ta.

To, da haka suka fara. Suka baza zane-zanen, suna bin kowane layi da yatsa, suna tambayar junansu: idan sigina ta shiga nan, ina za ta fita? Inda abin ya gagare su, sai su tare injiniya su yi ta tambaya har sai sun gamsu. Bayan an bar su sun shiga ɗakin, sai suka ci moriyar wata dama da na'urar take da ita: ana iya tafiyar da ita taki ɗaya-ɗaya ta hanyar danna maɓalli, a kuma karanta lambar da kowane sashe yake riƙe da ita a jikin ƙananan fitilu. Sukan fara yin lissafin da hannu su san amsar kowane taki, sa'an nan su gwada ta da abin da fitilun suka nuna. Inda aka sami saɓani, nan kuskuren yake. Wannan dabara ta tsayar da aiki a tsakiya a leƙa cikinsa, har yau da ita masu rubuta manhaja suke farautar kuskure.

Wahalar ta haifi riba. Saboda sun koyi na'urar daga cikinta, matan sun kai ga suna iya nuna bawul ɗin da ya mutu daga cikin dubbai, abin da ya sa injiniyoyin suka riƙa bar musu binciken matsala.

Gwaji mafi tsanani ya zo ne a watan Fabrairu na 1946, lokacin da za a nuna na'urar ga manyan baƙi. Ana gobe taro, Jennings da Snyder suka ga lissafin yana tafiya daidai, amma ba ya tsayawa: harsashi ya taɓa ƙasa, na'urar kuwa tana ci gaba da bin sa kamar yana haƙa rami. Suka kwana ba su warware ba. Da safe Snyder ta shigo ta nufi makunni guda, ta murɗa shi, lissafin ya tsaya inda ya kamata. Ran 15 ga wata, ENIAC ta gama lissafin cikin daƙiƙa 20, kafin harsashin gaske ya isa inda aka harba shi.

Ba a gayyaci ko ɗaya daga cikin matan zuwa liyafar da aka yi a daren ba. Littafin jagoran na'urar kuwa, wanda Adele Goldstine ta rubuta, bai fito ba sai a watan Yuni na wannan shekara.