Ƙarin ruwa ga ɗan duƙushin da ya kasa tsotso

'Yan uwa masu kula da dawaki a Legas da Ibadan, ko a barga ta polo ko a bakin teku, wannan bayani naku ne.

Ɗan duƙushi mai lafiya yakan miƙe cikin awa 1, ya kama nono cikin awa 2. In ka ga yana kwance, ƙafafu da kunnuwa sun yi sanyi, ido ya faɗa, ga hantsar goɗiya ta cika tana zuba, to jini ba ya zagaya jikinsa yadda ya kamata. Yawanci ƙwayoyin cuta ne suka shiga jini saboda bai sha dakashi da wuri ba, ko kuma zawo ne ya tsotse shi.

Mu 'yan kara mun saba da ɗura wa maraƙi. Kar a gwada a nan, wallahi. Wanda ba ya iya haɗiya, huhu abin zai wuce.

Likitan dabbobi yakan sa allura a jijiyar wuya, ya ba mai nauyin kilo 50 kamar lita 1 cikin minti 20 zuwa 30, sannan ya tsaya ya duba: ƙafa ta ɗumama? Ya yi fitsari? In da sauran buƙata ya ƙara. Yakan haɗa da gulukos, domin jaririn doki ba shi da ajiyar suga mai yawa.

Yawan ruwan ma illa ne. Ƙodarsa ba ta fitar da gishiri da sauri, sai jiki ya kumbura, numfashi ya yi wuya. Shi ya sa ba a sayo leda a kemis a rataya masa da ka.