WARIN TURKE TAKI NE YAKE GUDU

A ƙasar Gazawa, da Agiye, da Gidan Rumji, ba a rasa gida mai turke. Wani raguna yake turkewa don Layya, wata kuma jajayen awaki take kiwo. Inda dabba take kwana akwai wari. Masana sun bincika, sun gano cikin warin nan akwai manyan iri biyu, kowane da mafarinsa.

Na farko shi ne zarni mai yaji, mai sa hawaye. Sunan iskarsa amoniyak. Daga fitsari yake fitowa. Cikin fitsarin dabba akwai ure, irin wanda ke cikin farin takin zamani. Buhun ure mai kilo 50 yana ɗauke da kilo 23 na azot, abincin da ke sa ganyen gero ya yi kore shar. In fitsari ya gamu da kashi, ƙananan ƙwayoyin da ido ba ya gani sai su fasa uren, azot ya tashi sama ya bi iska. Zafi yana ƙara masa sauri. Saboda haka mai jin zarni a turkensa, takin gonarsa ne yake gudu. Kuma iskar tana sa 'yan raguna tari da ciwon ido.

Na biyu shi ne wari irin na ruɓaɓɓen ƙwai. Yana zuwa da damina, in kashi ya jiƙe ya kwanta cikin ruwa, iska ba ta ratsa shi. Farar wuta ce ke cikin wannan iska. Ta fi iskar shaƙa nauyi, tana taruwa a gindin rami. In ta yi yawa hanci ya daina jin ta, kuma tana kisa. Kada yaro ya shiga ramin taki mai ruwa.

Ga maganin abin:

A shimfiɗa kara ko ƙaiƙayi a turke, su shanye fitsari.

A share kashi kullum, a zuba a rami, a rufe da ƙasa.

Kada a zuba toka bisa ɗanyen kashi, tana korar azot.

A yi wa ruwan sama hanya, kada ya kwanta a turke.

In an kai taki gona, a turbuɗe shi, kada a bar wa rana.

Jigawar ƙasar Maraɗi ta gaji, takin zamani kuwa da tsada. Wanda ya tsare takin turkensa, rumbunsa zai shaida da kaka.