Sabuwar Kwamfuta Tana Mutuwa Da An Kunna Ta? A Fara Da RAM

Idan kwamfutar da aka harhaɗa a gida tana mutuwa kafin Windows ta buɗe, sau da yawa laifin RAM ne. A zare wayar wuta, a ciro RAM ɗin duka, a mayar da guda ɗaya a ramin A2, wato na biyu daga CPU, a danna sosai har ya kama. In ta tashi, a shiga BIOS a kashe XMP ko EXPO, domin suna ƙara wa RAM gudu fiye da na asali, sannan a gwada shi da MemTest86 daga filashi. In ta ƙi, a duba wayar CPU mai fil 8, a cire batirin CMOS na minti biyar. Sai an gwada waɗannan ake zargin motherboard.