Dynaco ST-70: Yadda Ake Farfaɗo da Tsohuwar Amfilifaya Mai Bawul

A shekarar 1959, kamfanin Dynaco na David Hafler da ke Filadelfiya a Amurka ya fito da amfilifaya mai suna ST-70. Akasarin masu saye ba a haɗe suke karɓar ta ba. Kwali ake ba su cike da wayoyi da taransifoma da bawul guda 7 da littafin bayani, kowa ya koma gida ya haɗa abinsa da dalma. An sayar da fiye da 300,000, har yau kuma ana tsinto su a ɗakunan ajiya, ƙura ta rufe su.

Duk wanda ya tsinci irin wannan, abin da zai fara zuwa masa shi ne ya jona ta da wuta ya ji ko tana aiki. Masu gyara kuwa da wannan suke fara hani, domin a nan ake kashe na'urar da da ta yi rai.

Bawul shi ne kwalbar gilashin nan da aka zuƙe wa iska, wadda ke sa rediyoyin da sai sun yi ɗumi kafin su yi magana. John Ambrose Fleming ya ƙirƙiro na farko a Ingila a 1904, Lee de Forest ya ƙara masa wata 'yar waya a tsakiya a 1906, wadda daga baya ta ba da damar ƙara ƙarfin sauti. Tiransista da aka gano a 1947 ita ta ture shi daga kasuwa. Saboda bawul ne ke haske a idon kowa, shi ake fara zargi idan amfilifaya ta lalace. Sau da yawa kuwa ba shi da laifi. Bawul na iya shekara 50 a ajiye bai yi komai ba. Mai tsufa a zaune ita ce kondensa.

A saman ST-70 akwai wani dogon gwangwani mai ɗauke da kondensa 4 a ciki, aikinsu tace wuta. Akwai danshin sinadari a cikinsu, kuma shekaru na busar da shi. Idan aka sakar musu wuta gaba ɗaya bayan dogon zama, suna iya fashewa, ko su ja wutar da za ta ƙone babbar taransifoma, wadda ita ce mafi tsada a jikin na'urar. Shi ya sa mai gyara ke haɗa tsohon kwan fitila mai zare, na wat 60 ko 100, a kan layin da wuta za ta bi kafin ta shiga. Idan kwan ya haska ya dushe, alamar lafiya ce. Idan ya tsaya da haske tar, akwai inda wuta ke zurarewa, kuma kwan ya shanye ta maimakon taransifoma. Dabara ce mai araha ƙwarai, ta kuma ceci na'urori masu yawa.

Haɗarin bai tsaya kan na'ura ba. Cikinta akwai wuta fiye da bolt 400, kuma kondensa na riƙe ta ko bayan an zare filogi. Dole a sauke wutar ta hanyar rasista, a sa mita a tabbatar, kafin hannu ya shiga. In ana awo tana kunne, hannu ɗaya ake aiki da shi, ɗayan na cikin aljihu, don kada wuta ta ratsa ƙirji. Wanda bai koyi aikin ba, ya kai wa wanda ya koya. Haka nan ba a kunna ta babu lasifika a jone, don taransifomar da ke fitar da sauti na iya lalacewa.

Daga nan sai kunne ya karɓi aiki. Gurnani mai kauri da ba ya ɗagawa yana nuna kondensar tace wuta ta mutu. Ƙarar ƙaf-ƙaf kan fito daga datti a ramukan da ƙafafun bawul ke shiga, ko dalmar da ta tsage. Mai gyara kan ɗauki siririn tsinken katako yana ƙwanƙwasa sassan a hankali, ɗaya bayan ɗaya, har ya dace da wanda ke amsawa a lasifika. Allon da ƙananan bawul biyu masu lamba 7199 ke zaune a kai yakan yi baƙi saboda zafin shekaru, kuma a nan tsagewar ta fi yawa.

Abin da ya fi tsoratarwa shi ne ganin farantin ƙarfen da ke cikin bawul mai lamba EL34 ya yi jawur kamar garwashi. Wannan bawul yana zuƙar wuta fiye da kima, kuma cikin mintuna zai mutu. Sanadin kan zama ƙaramar kondensa mai yoyo, ko wani ɗan sashe mai faranti-faranti da aka yi da sinadarin seleniyam, wanda ke samar da wutar da ke taka wa EL34 birki. Idan ya tsufa ƙarfinsa na raguwa, idan ya ƙone kuma yana fitar da hayaƙi mai wari da guba. Ana maye gurbinsa da dayod na zamani irin 1N4007, wanda kuɗinsa bai taka kara ya karya ba.

Bayan haka ake saita wutar EL34 ɗin, kuma a nan hikimar masu ƙirar ta bayyana. Littafin bayanin ya ce a murɗa har mita ta nuna bolt 1.56. Ba su zaɓi adadin haka kawai ba: daidai yake da abin da sabon batirin tocila ke bayarwa. Mai mita maras inganci sai ya auna batiri, ya lura da inda allura ta tsaya, ya saita amfilifayar a nan. Sun yi tunanin talaka mai haɗa kayansa a gida.

Wanda ya shigo da irin ta Amurka zuwa Najeriya ko Nijar yana da ƙarin aiki. An yi ta don wutar bolt 117, tamu kuwa 220 zuwa 230 ce, don haka sai da taransifoma mai rage wuta, ga kuma hawa da saukar wutar da ke buƙatar sitabilaiza.

Samun bawul ɗin ma ya zama abin lura. An daina ƙera 7199, sai dai tsohon ajiya, ko a yi wa allon gyara ya karɓi bawul mai lamba 6GH8A. EL34 kuwa ana yin sa har yanzu a masana'antu ƙalilan, ciki har da JJ Electronic a Sulobakiya da wata a Saratov ta Rasha. Da yaƙin Yukiren ya ɓarke a 2022, kaya suka yi wuyar fita daga Rasha, farashi ya yi tashin gwauron zabi, masu gyara da yawa suka koma auna tsofaffin bawul ɗin da a da suke zubarwa.